Abin da Na Ji a Kan Fako

Mahaifina dillalin jakai ne, kuma da kunne yake aikinsa. Sauran dillalan kara, wato kasuwar dabbobi, a Boɗinga da Shagari sukan buɗe bakin jaki su duba haƙora, su ɗaga wutsiya, su latsa gadon baya. Shi ma yakan yi duk wannan don kada mai dabba ya ce an raina masa kaya, amma ba a nan yake yanke hukunci ba. Bayan kowace kara akwai fako, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ba ta yarda ta fito a kanta. Can yake sa a kai jakin. Sai ya juya baya, ya dogara da sandarsa, ya runtse ido, ya ce a kora. A je da jakin a dawo sau biyu, wani lokaci sau uku, sannan ya buɗe ido ya faɗi abin da ya ji.

Ban taɓa jin ya ce jakin wani gurgu ne ko mai ciwo ba. A kara wannan zagi ne, kuma na ga dattawa biyu masu furfura sun kai juna gaban hakimi a kan abin da bai kai haka ba. Baba sautin tafiyar kawai yake maimaitawa. In ya ce, "Wanga ƙwas-ƙwas shi ka yi," mai saye ya san ya samu dabba. In ya ce tiɓis-tiɓis, to jakin ya sha wahala ne kurum, dusa da hutun mako biyu za su tashe shi. Amma in ya ƙirga uku lafiya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya ja na huɗun a tsakanin haƙoransa, sharr, sai mai saye ya yi godiya ya wuce gaba. Wannan kofato ne da ake ja a ƙasa, kuma Baba ya ce irinsa ba ya komawa daidai. Mai jaki ba shi da bakin faɗa, domin ba a zage shi ba. Abin da dabbarsa ta faɗa da ƙafarta aka maimaita masa.

Yana da ra'ayi a kan irin waɗannan kalmomi, kuma yana son faɗinsa in an zauna shan fura a rumfar dillalai. Wai ba kunne kaɗai suke bi ba, jiki suke bi. "Hwaɗi tiɓis ka ji yadda leɓɓanka ka yin nauyi," yakan ce wa na kusa da shi. "To hwaɗi ƙwas. Ka ji halshe ya ɗaga da wuri? Haka kohwaton kirki ka barin ƙasa." Wani ya taɓa ƙure shi, ya ce to saɗaf-saɗaf fa, ai ɓarawo ba ya ƙara. Baba ya ce ya faɗe ta a hankali ya ji yadda bakinsa ke ɗora ƙafa yana ɗagewa. Mutumin ya gwada, muka ga har wuyansa ya sunkuya, rumfa ta kwashe da dariya.

Mutanen ƙauyenmu ma ba su tsira ba. Daga cikin zaure, ba tare da ya leƙa ba, yana sanin mai wucewa. Mai unguwa buguzum-buguzum, saboda tumbi da babbar riga. Ladan ɗas-ɗas, kamar ƙasa tana da zafi. Ƙanwarsa, Gwaggo, fatar-fatar, domin ba ta taɓa yarda ta sayi takalmi daidai ƙafarta ba. Shi kansa tafiyarsa taf-taf ce, ta faɗen takalmin fata, ba sauri ba nawa, kuma ba ta canzawa ko da an yini ana yi. Bai hawa jaki zuwa kasuwa. Ya ce wanda ke bisa ba ya jin komai sai ƙugunsa.

Duk wannan daga gefe na koye shi, domin ni ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya dubansa ido da ido, ba ya zama hira da shi. Kakata ce ta raine ni har ta rasu. In Baba yana son in yi abu, iska yake faɗa wa. "A ɗauko sanda." "A ba dabbobi ruwa." Ni kuma in ina da magana, sai in kai wa Gwaggo ta kai masa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa ganin laifinta ba sai a shekarar da zan ba da labari. Na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa fara yi masa magana ba, in ban da gaisuwa, ita ma a durƙushe, ido a ƙasa.

Da farar hula suka karɓi mulki, yankinmu ya ɗauka tasa ta zo. Kowa yana da wani wanda ya san wani. Babura suka cika hanya, a-kori-kura ta fara shiga har Lambara da Dandin Mahe tana kwasar albasa, jaki ya zama abin dariya. Ni ma na samu aikin masinja a wani ofis a Sakkwato. Da albashin farko na sayi takalmi sau-ciki mai ƙarfe a dunduniya. Ranar da zan koma birni bayan hutun sallah na bi ta gaban zaure da shi, a kan daɓen da aka yi sabo, ina sane nake taka shi da ƙarfi. Baba yana ciki yana gyaran akumari, bai ɗago ba. Na tafi da haushin cewa ko lura bai yi ba.

Shekara huɗu da 'yan watanni na yi ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Sai soja suka dawo, aka fara rage ma'aikata, kuma irinmu aka fara sharewa. Na dawo gida da akwatin kwano ɗaya, da mata, da 'ya'ya biyu, da takalmin nan da ƙarfensa ɗaya ya riga ya faɗi. Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Sabulu da madara sai an bi layi a gari, wani lokaci da bulala a kai. Motocin da suka kori jaki suka kwanta a bakin hanya bisa duwatsu, babu taya, babu kayan gyara. Mutanen da suka yi wa Baba dariya suka dawo suna sallama a ƙofar zaurensa.

Aiki ya dawo masa, amma ba mai daɗi ba. Jakan da ake kawowa duk yunwa ta cinye su, masu su kuma sun koyi dabara. A ɗura wa dabba ruwan kanwa da safe cikinta ya taso, a shafe mata jiki, a kawo ta tana sheƙi. Ido yana ruɗuwa, kunnen Baba ne ba ya ruɗuwa. Manomin da ya sayar da tumakinsa biyu don ya sayi jakin kai albasa kasuwa ba shi da damar kuskure, saboda haka kowa shi yake nema. Da la'adar da yake samu ake ciyar da gidanmu, mutum goma sha wani abu, har da ni da iyalina. Ba ni da abin yi, sai na koma bin sa kasuwa ina kora masa jakai a kan fako. Gaskiya na ji kunyar wannan, kuma na gaji tun kafin in fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin garuruwan biyu, ko wanne ka nufa sai ka yi tafiya mai tsawo. Mukan fita bayan sallar asuba, shi a gaba, ni a baya da jakinmu, wani aura mai haƙuri. Ba ma magana, don haka ba abin da nake ji sai ƙafafu. Wata safiya a hanyar Boɗinga, inda turba ta hau tsandauri, na ji abin da ban so ji ba. Taf, sai sharr. Taf, sai sharr. Ƙafar hagu ba ta barin ƙasa gaba ɗaya, bakin takalmin yana sharar tsakuwa kafin ya tashi. Kaɗan ne ƙwarai, wanda bai yi shekaru yana tsaye a bakin fako ba ba zai ji ba. Na ce wa kaina takalmin ne ya saki. Da muka isa ya cire su zai yi alwala, na ɗauka na duba. Lafiyarsu lau, sai dai bakin na hagu ya cinye fiye da na dama.

Na san abin da Baba yake cewa in ya ji wannan sautin a jikin dabba. Na kuma san cewa in aka faɗa masa, kasuwa ta ƙare masa, gidanmu kuma ba shi da wani mai nema. In ba a faɗa ba, wata rana zai faɗi a hanyar nan, nesa da kowa. Sannan ko da na yanke shawarar faɗa, da wane baki? Ɗan fari ba ya tsayawa gaban ubansa ya ce masa jikinka ya lalace.

Na bi hanyar da na sani, na je wurin Gwaggo. Na same ta tana yankan kuɓewa busasshiya a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, wuƙar ba ta tsaya ba.

"To mi kaka so in yi?" ta ce. "In tahi in ce ma yayana ƙahwatai ta mutu, ɗanai yac ce?"

"Gwaggo, ki ce dai a kai shi asibiti a duba."

"Tsuhwa ta, ɗan nan. Kowa yat tsuhwa shina jan ƙahwa. Kai dai zaman birni ya sa maka tsoro."

Duk da haka ta aika masa da man shafawa a cikin gwangwani, ta ce na sanyin ƙashi ne. Ya karɓa ya yi godiya, ya sa aka shafa wa auran a gwiwa. Na koma wurinta sau biyu. A na biyun ta ce in na ƙara zuwa da maganar nan za ta ɗauka mugun fata nake yi masa. Daga nan na kama bakina, kuma in faɗi gaskiya, har da sauƙi na ji. Na sauke nauyin a kan wani, wanin ya ƙi ɗauka, sai na yi kamar ba nawa ba ne kuma.

Wata uku muka yi haka. Kowace ranar kasuwa ina bayansa ina ƙirga sharr ɗin nan, ina jin yana ƙara tsawo. Na daina jin kukan kurciya, na daina jin gaisuwar masu wucewa. In na kwanta da dare bayan mun dawo, shi nake ji a kunnena. Na fara rage saurin auran don kada Baba ya ga yana tsare mana hanya. Sau ɗaya, kusa da mararrabar Dingyaɗi, ya tafi tangal-tangal ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Kafin in iso ya miƙe. Ya dubi wurin ya ce wa iska, "Sayyu sun yi yawa ga hanyar ga." Na dubi wurin ni ma, babu saiwa ko ɗaya, ko itace babu kusa. Na ce, "Haka ne," na karkaɗe masa sandar na miƙa.

Ranar da abin ya zo ƙarshe kasuwar Shagari ce ke ci. Wani manomin albasa daga Lambara, dattijo mai ido ɗaya, ya zo neman jaki. Aka kawo masa wani duna kyakkyawa, baƙi wuluk, cikinsa taf. Mai shi yana ta rantsuwa. Muka je fako, Baba ya juya baya, na kora. A zuwan farko na ji abin, a dawowa na tabbata. Baba ya sa aka sake sau uku, abin da ba ya yi sai in yana jin tausayin mai dabba. Sannan ya buɗe ido ya ƙirga uku, ya ja na huɗun a haƙoransa. Dattijon ya yi godiya. Mai dunan ya fizge igiyarsa, ya dubi Baba daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan ƙafar hagu, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ja dabbarsa ya tafi. Duk wanda ke wurin ya ga inda idonsa ya tsaya. Na so in shaƙe shi, sai dai ba ƙarya ya yi ba.

Bayan la'asar kasuwa ta watse. Na ɗaura wa auran akumari, na ɗora ɗan buhun dawar da muka saya, na nufi hanya. Baba bai biyo hanya ba, fako ya koma. Na bi shi da jakin. Babu kowa a wurin sai kashin dabbobi da igiyoyin da aka yar. Ya tsaya a inda jakai ke fara tafiya, ba inda ya saba tsayawa ba, ya miƙo sandarsa gefe ba tare da ya dube ni ba. Na karɓa.

"A juya baya," ya ce.

Na juya. Na dogara da sandar, na runtse ido kamar yadda na ga yana yi tun ina ƙarami. Ya tafi har ƙarshen fakon ya dawo. Ba sanda, sautin ya fito fili, ba abin da ya rufe shi. Ya sake tafiya ya dawo. Ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa.

"Mi anka ji?"

Na yi niyyar in ce lafiya lau. Kalmar tana bakina, ita ce ta ladabi, ita ce Gwaggo za ta so, ita ce za ta bar mu mu ci gaba da zuwa kasuwa ko da na wata ɗaya ne. Amma a kan fako ba a tambayar ra'ayin mutum, kuma ba a ce masa ya zagi kowa. Abin da ƙafa ta faɗa ake maimaitawa. Na buɗe baki na ce, "Taf." Sannan na ja ɗayan a tsakanin haƙorana, na ji harshena ya ƙi barin dasashi, yana sharar sa kamar yadda takalmin ke sharar ƙasa. Sai a lokacin na gane abin da yake nufi a rumfar fura, domin har cikin ƙafata ta hagu na ji shi.

Can ya ce, "Awo. Tun watan azumi ni ka jin shi. Na zaci kunnen gidan ga ya mutu."

Daga baya, da muka kai shi asibiti a birni, ma'aikacin da ya auna shi ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinsa, ya tambaye ni tun yaushe aka lura. Na ce wata uku. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai ga takardarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba bai ƙara zuwa kasuwa ba. Ya yi shekara biyu a zaure yana sauraron masu wucewa, ni nake zuwa kara da sandarsa, kuma ban taɓa kai rabinsa ba. Har yau ban san ko wata ukun nan da na yi ina ladabi su ne suka cinye masa ƙafa ba. Na tambayi masu sani, kowa da abin da yake cewa, na gaji na bari.

Amma a ranar, a kan fakon, ba mu san wannan ba tukuna. Ya matsa kusa da auran ya dafa akumari. Na sauke buhun dawar na ɗora a kaina, na durƙusa na ba shi gwiwata ya taka. Wannan ne karon farko da na ga ubana a bisa jaki, kuma karon farko da na taɓa jikinsa tun da na yi wayo. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Muka kama hanya, rana tana bayanmu. Yanzu ƙafafu huɗu ne a gabana, ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, tsaf, ba abin da ake ja. Wata uku ina roƙon Allah ya raba ni da sautin nan, ga shi an raba ni da shi, sai hanyar ta yi mini faɗi. Mun wuce gonakin gero da suka bushe a tsaye, mun wuce wata a-kori-kura da kaji suka mayar gida. Can muka hango kukar bakin ƙauyenmu. A nan ya sunkuya ya shafa wuyan auran, ya yi magana da shi, da murya daidai yadda zan ji.

"Wanda ka biye da mu," ya ce wa jakin, "ran da yat tahi Sakkwato, ƙwas-ƙwas yab bi ta ƙohwar zaure, da takalmin ƙarhe. Na ji shi. Tun da yad dawo kuwa tiɓis-tiɓis ni ka ji bayana. Wanga ba irin nau na ba, shina tashi. Ka ce mashi shi ɗauki ƙahwa, gida wurinai shi ke yanzu."

Auran ya kaɗa kunne. Na gyara buhun a kaina, hawaye suna gangarowa ba ni da hannun sharewa, na ɗaga ƙafa kamar yadda aka ce.